Yadda Za Ka Rabu Da Ciwon "Sai Gobe"

Akwai aikin da ke bin ka bashi, kuma ba sai an tuna maka ba. Wataƙila babi na uku ne na furojet ɗinka, ko lissafin shago da rabonka da shi tun kafin azumi, ko takardun filin da ka saya a Rigacikun waɗanda har yau ba ka kai KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, ba, ko awon hawan jinin da likita ya ce ka dawo bayan mako biyu, ga shi har an sha watanni. Babu wanda ya riƙe maka hannu. Ka san ɗagawar za ta cutar da kai, amma ka ɗaga. Irin wannan jinkirin ne masana halayyar ɗan Adam suka daɗe suna nazari a kai. Zan riƙa cewa "ka", amma 'yar'uwa, har da ke nake.

Da an taɓo maganar, sai mutane su ce lalaci ne. Ni ban yarda ba. Dubi ɗalibin da ya tashi da niyyar rubutu: kafin ƙarfe goma ya share ɗaki, ya wanke kayan da ba su yi datti ba, ya goge takalmi, har ya hau Keke daga Unguwar Dosa zuwa Kasuwar Barci don raka aboki sayen wando. Rago ba ya wannan wahalar. Ƙarfi yana nan, aiki guda ne kawai ba ya son su haɗa ido.

A 2013 Fuschia Sirois, wadda yanzu take Jami'ar Durham a Ingila, da Timothy Pychyl na Jami'ar Carleton a Kanada, sun yi bayanin da na fi gamsuwa da shi. Sun ce mai jan ƙafa yanayin ransa na yanzu yake gyarawa, ya bar wa gobe ɗawainiyar. Aikin yana tayar maka da wani abu mara daɗi, ko tsoro ko kunya ko gundura ko ruɗewa. Da ka ce "sai gobe", nan take ƙirjinka ya yi sakayau. Wannan sauƙin lada ne ga ƙwaƙwalwa, kuma duk abin da ta samu lada a kansa sai ta sake. Shi ya sa sayen sabon littafin tsara lokaci bai cika warkar da kowa ba: agogo ya san aikinsa, zuciyar ce ke zillewa.

Sauƙin kuma ba kyauta ba ne. A 1997 Dianne Tice da Roy Baumeister sun bibiyi ɗaliban wata jami'a a Amurka tsawon zangon karatu. A farkon zango masu jan ƙafa sun fi sauran kwanciyar hankali da lafiya. Da ƙarshen zango ya zo, reshe ya juye da mujiya: su suka fi damuwa, su suka fi rashin lafiya, makinsu kuma ya fi ƙasa. Piers Steel na Jami'ar Calgary, wanda ya tattara ɗaruruwan bincike a 2007, ya kawo ƙiyasin cewa kashi 80 zuwa 95 cikin 100 na ɗaliban jami'a suna jan ƙafa. Joseph Ferrari na Jami'ar DePaul a Shikago kuma ya ce kusan mutum ɗaya cikin biyar na manya abin ya zame masa jiki.

Mataki na farko: raba jinkirin hankali da gudun aiki

Ba kowane jinkiri ne ciwo ba, wani jinkirin alheri ne. Ɗan kasuwar da ya ƙi sayen masara da damina, yana jiran kaka farashi ya sauka a Saminaka, lissafi yake yi. Matsalarmu a Kaduna ita ce uzurin gaskiya ya yi yawa. A ɗauke wuta kwana biyu, netwok ya tsaya cak, a yi rasuwa a layinku, baƙi su sauka daga ƙauye ba sanarwa. Duk gaskiya ne, kuma a bayan wannan gaskiyar mai gudun aiki yake fakewa, har shi kansa ya yarda da kansa.

Ɗauki takarda ka rubuta ayyuka uku da suka fi tsaya maka a rai. A gaban kowanne ka amsa tambaya guda: me nake jira wanda gobe za ta kawo? Idan amsar abu ne mai suna, kamar albashi, sa hannun shugaban sashe, ko sakamakon gwaji, to ka rubuta ranar da kake sa ransa, ka wuce. Idan kuwa amsar ita ce "sai na ji daɗin jikina", "sai hankalina ya kwanta", ko "sai bayan sallah", to ga mara lafiyar nan mun samu. Ko wanda kake jiran wani abu dominsa, ka sake tambaya: wane ɓangarensa ne bai dogara da abin da nake jira ba? Sau da yawa za ka tarar rabin aikin ba ruwansa da wuta ko netwok.

Daga nan ka zaɓi guda ɗaya tak. Wanda ya ce zai gyara rayuwarsa duka ranar Litinin, zuwa Laraba ya koma gidan jiya.

Mataki na biyu: gano abin da kake gudu

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi tsallakewa.

Leƙa shagon tela a Tudun Wada a goman tsakiya na azumi. Keken ɗinki na gudu, ƙasa cike da ƙyalle, an rataye jamfofin yara reras an gama su. A can saman kanta akwai leda guda da ƙura ta fara hawa: gezna ce yadi goma ta wani Alhaji, tun kafin a ga wata aka kawo ta. Yaron shago ya ɗaga kai ya ce, "Oga, kayan Alhaji fa?" Tela ko kallon ledar bai yi ba ya ce, "Bari tukuna, wannan ba a yi masa garaje, sai hankali ya kwanta." Ya jawo wani yadi mai sauƙin kuɗi ya ci gaba. Mutumin da ke aiki har sahur ba za ka kira shi rago ba. Almakashin yake tsoron sa wa shaddar, domin in ya ɓata ta, kuɗinta ya fi ribarsa ta wata guda. Ƙarshenta ranar jajibiri, ƙarfe biyun dare, janareto na ƙara, idonsa jawur, wayar Alhaji na shigowa, a lokacin zai yanka ta, wato a daidai sa'ar da kuskure ya fi sauƙin aukuwa.

Kai ma kana da irin wannan ledar. Zauna shiru minti biyu, ka ƙaddara yanzu za ka fara aikin, ka lura da abin da ya taso maka. Ka ba shi suna, ka rubuta. Yawanci ba ya wuce ɗaya daga cikin waɗannan.

Tsoron kada a yi abin bai yi kyau ba. Wannan ya fi kama masu ƙoƙari, waɗanda aka saba yabo. Muddin ba ka rubuta babin ba, a cikin kanka ya fi na kowa. Ranar da ka rubuta za a ga iyakarka. Maganinsa shi ne ka raba aikin da ake iya gyarawa da wanda ba a iya gyarawa, ka fara da na farkon. Tela ya sake duba awo, ya zana da alli yau, yanka sai gobe da safe idonsa garau. Ɗalibi ya ba kansa izinin rubuta shafi mara kyau da gangan, tunda malami yana iya gyara shirme, amma ba ya iya gyara farar takarda.

Kunya. Ita ce ke hana ka kiran wanda ka ranci kuɗinsa, ko komawa wurin malamin da ka ɓace wa wata uku. Ita ce mafi muni, domin kullum ƙaruwa take: yau kana jin nauyin bashin, gobe kana jin nauyin bashin da na shirun. Kada ka jira ka samu cikakken abin da za ka kai. Ka rubuta maganar a takarda, gajera, ka karanta ta in ta kama: "Yaya, ina sane da kuɗinka, wallahi ban manta ba. Ba ni da su duka yanzu, amma ƙarshen wata zan turo rabi, ragowar wata mai zuwa." Yawancin masu bin bashi shirun ne ya fi ƙona musu rai.

Ruɗewa, wato rashin sanin ta inda za a kama. Mataki na uku ne maganinta. Idan kuma ilimin ne babu, ka daina kiran abin kasala, ka je ka tambayi wanda ya taɓa yi.

Gundura. Wasu ayyukan ba su da daɗi, kuma ba za su taɓa yi ba: cike fom, shigar da maki, lissafin kaya, guga. Katy Milkman ta Jami'ar Pennsylvania ta gwada wata dabara da aka wallafa a 2014: an ba mutane labarai masu jan hankali na sauraro, amma ba sa samun su sai a wurin motsa jiki, sai zuwansu ya ƙaru. Ka yi haka. Shirin rediyon da kake so, ko karatun littafin da kike bi a waya, a haramta wa kai shi sai lokacin wannan aikin.

Akwai kuma haushi, idan aikin ɗora maka aka yi ba da son ranka ba, jan ƙafar ta zama hanyar ramuwa a ɓoye. In haka ne, ko dai ka fito fili ka yi magana da wanda ya ɗora maka, ko ka yi ka huta. Ramuwar da kai kaɗai take ci ba ramuwa ba ce.

Mataki na uku: mayar da aikin abin da hannu zai iya kamawa

"Rubuta furojet" ba aiki ba ne, buri ne. Haka "gyara takardun fili" da "kula da lafiyata". Ƙwaƙwalwa ba ta san ta inda za ta fara su ba, sai ta kauce. A 2008 Sean McCrea da abokan aikinsa sun ba ɗalibai tambayoyi, aka ce su mayar da amsa ta imel cikin mako uku. Wasu an ce su bayyana yadda ake yin abu, misali buɗe asusun banki, wasu kuma an ce su yi bayanin abin da yin hakan ke nunawa game da mutum. Waɗanda aka sa su yi tunanin "yaya ake yi" su suka riga mayar da amsa.

Saboda haka ka yi ta sassaƙe aikin har ya koma abin da za ka gama cikin minti goma, wanda kai kanka za ka ji kunyar cewa ba za ka iya ba. "Buɗe fayil ɗin babi na uku, rubuta kanun sassa huɗu." "Ciro takardar cinikin fili daga akwati, a kai fotokwafi." "Nemo katin asibiti, sa shi cikin aljihun rigar gobe." "Ƙirga kayan kanta ta sama kaɗai." In ka rubuta har yanzu kana jin nauyi, bai ƙanƙanta ba, sake rage shi. Ba sai ka tsara matakai ashirin ba. Tsarawar ma wani lokaci gudu ce da ta sa rigar aiki. Na farko da na biyu sun isa.

Mataki na huɗu: ɗaure shi a jikin abin da ba ya tashi

"Zan yi gobe" ba ta da ƙarfe nawa, shi ya sa ba ta cika. Masanin nan Bajamushe Peter Gollwitzer ya shafe shekaru yana nazarin tsarin da ke cewa "idan kaza ya faru, zan yi kaza". A wani bincike da ya yi da Veronika Brandstätter, wanda aka wallafa a 1997, an roƙi ɗalibai su rubuta rahoton yadda suka yi jajibirin Kirsimeti cikin kwana biyu. Rabinsu an sa su faɗi takamaiman lokaci da wurin da za su zauna su rubuta, sauran ba a sa su ba. Kashi 71 cikin 100 na rukunin farko sun rubuta a kan lokaci, na biyun kuwa kashi 32. Ba a ƙara wa kowa himma ko wa'azi ba. Abin da ya canza shi ne an riga an yanke shawarar tun kafin lokacin, babu sauran ciniki da zuciya.

A nan muna da gatan da masu binciken can ba su da shi. Yininmu a yanke yake gida biyar, kuma ladan yana sanar da kowace gaɓa da lasifika, ko akwai wuta ko babu. Ƙarfe huɗu na agogo yana iya wucewa ba ka sani ba, La'asar ba ta wucewa a ɓoye. Don haka ka ɗaura aikinka a jikin sallah: "Idan na dawo daga sallar Asuba, kafin in taɓa waya, zan zauna a kan tabarmar falo in rubuta kanun sassa huɗu." "Da na idar da Azahar ranar Talata, daga masallaci asibiti zan wuce, ba shago ba." Mai ramuwar azumi ta ce, "Kowace Litinin da Alhamis ta lokacin sanyi," maimakon ta bari sai Sha'aban ya raba tsakiya ta fara ƙirga yatsu. Wanda ba Musulmi ba yana da nasa turakun: addu'ar safe, dawowa daga coci, sauke yara a makaranta.

Jimlar ta ƙunshi abu uku: bayan me, a ina, wane aiki. Ka rubuta ta, ka manna inda idonka zai gani. Ka ce in sha Allahu, haka aka umarce mu, amma ka haɗa da lokaci da wuri.

Sai ka ƙara jimla ta biyu domin cikas, tunda ka san garinku. "Idan an ɗauke wuta kwamfuta ta mutu, zan rubuta da biro a littafi." "Idan baƙo ya zo, zan gaishe shi, in kawo masa ruwa, in nemi uzurin rabin awa." "Idan na makara da Asuba, bayan Isha'i ne madadinsa." Wanda bai tanadi wannan ba, cikas ɗin farko ya ishe shi hujjar mako guda.

Ni dai shawarata a fifita safiya. Da sanyin safiya ake kama fara, kuma a garin nan bayan ƙarfe tara lokacinka ya zama na jama'a. Bayan La'asar ma akan samu, amma a watannin zafi, Maris da Afrilu, jiki ya riga ya yi laushi.

Mataki na biyar: fara ba tare da jiran nishaɗi ba

Lokacin ya yi, ka zauna, sai zuciya ta ce, "Yau ba na jin yi." Kada ka yi musu da ita, gaskiya ta faɗa. Ka amsa mata da cewa an ji, amma minti goma kawai za a yi. Saita agogo, ka fara, kuma da gaske in minti goman ya cika kana da damar tashi. Binciken da Pychyl ya yi da ɗalibansa ya nuna cewa aikin da mutum ke gani mai wuya da tayar da hankali tun daga nesa, da ya fara sai ya ga bai kai yadda ya zata ba. Nishaɗin da kake jira a bayan farawa yake zuwa.

In ka zarce, akwai tsarin da wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibi, da agogon kicin mai siffar tumatir, shi ya sa ake kiransa Pomodoro: aiki minti 25, hutu minti 5, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu. Lambobin ba wahayi ba ne, wani 15 ce daidai da shi, wani 40. Abin kiyayewa shi ne hutun ya zama miƙe ƙafa da shan ruwa. Hutun minti biyar a TikTok bai taɓa ƙarewa a minti biyar ba.

Idan za ka tashi, kada ka tsaya a inda ka maƙale. Ka tsaya a inda ka san abin da ke biye, ka rubuta layi guda: "Gobe daga nan zan ci gaba, zan yi bayanin yadda aka zaɓi mutanen da aka tambaya." Goben za ta zo maka da sauƙi.

Mataki na shida: waya

Kada ka gwada ƙarfinka da ita, waɗanda suka ƙera manhajojin sun fi ka sanin rauninka. Kai ta wani ɗaki, ko ka miƙa wa matarka ko ƙaninka ka ce kada a ba ka sai an kira sallah. Kifa ta a gefenka bai wadatar ba. In aikin na buƙatar waya, kashe data, ka rufe bakin guruf-guruf na WhatsApp, na 'yan ajinku da na dangi da na siyasar unguwa. A wayoyin Android akwai Digital Wellbeing, a iPhone akwai Screen Time. Duba awa nawa ka ci jiya, sannan ka sake cewa ba ka da lokaci. Da dare kuma ka sa ta caji nesa da shimfiɗa, domin wanda ya kai ƙarfe ɗaya yana latse-latse ya riga ya cinye Asubar da muka ɗaura aikin a jikinta.

Mataki na bakwai: sa rana, ka sa shaida

Duk mai jan ƙafa yana da lissafin da yake lallashin kansa da shi: "Ai kwana uku ya ishe ni." A 1994 Roger Buehler da Dale Griffin da Michael Ross sun tambayi ɗaliban shekarar ƙarshe a Kanada kwana nawa zai ɗauke su kafin su miƙa kundin bincikensu. A matsakaici sun ce kwana 34. Aka ce to idan komai ya lalace fa? Suka ce kwana 49. Abin da ya ɗauke su a zahiri ya haura kwana 55, wato ya wuce har mummunan zatonsu, kuma kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai suka gama a lokacin da suka ɗiba. Don haka kada ka tambayi zuciyarka kwana nawa. Tambayi tarihi: wancan karon da na yi irin wannan, yaushe na gama? Ka ɗauki wannan, ka ƙara kwanakin rashin wuta da na biki da na gaisuwar rasuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Steel ya nuna cewa duk yadda sakamakon aiki ya yi nisa, haka jansa ke raguwa a zuciya. Jarrabawar da ke wata huɗu gaba ba ta iya kokawa da wasan ƙwallon daren yau. Dole ka jawo ranar kusa da hannunka, ka yanka babban wa'adi zuwa ƙanana na mako-mako. Sai dai ranar da kai kaɗai ka san da ita, kai ne kuma za ka ɗaga ta.

Dubi adashi. Matar da ta kasa tara dubu biyar a ƙarƙashin katifa tana zuba dubu biyu duk Juma'a shekara guda ba fashi, saboda uwar adashi za ta aiko, kuma sauran mata za su ji. Haka za ka yi wa aikinka. Nemi mutum guda da kake jin nauyinsa, ka faɗa masa abin da za ka kawo da ranar. Ɗalibi ya tura wa mai duba aikinsa saƙo: "Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. In Allah ya yarda ranar Alhamis bayan Azahar zan kawo babi na uku ofis, ko da bai kammala ba." Da ka danna tura, magana ta ƙare, rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Mai shago ya ce wa ɗan'uwansa ya zo ranar Asabar su duba littafin tare. Kada ka zaɓi abokin da zai ce "ba komai, Allah ya kai mu wani satin", kada kuma ka yi shela a Facebook, inda za ka sha yabo tun ba ka yi komai ba.

In gida ba ya zaunuwa, fita. Laburaren makarantarku, ko harabar masallaci tsakanin Azahar da La'asar, ko ɗakin abokin da shi ma yake da nasa aikin, ku zauna kowa ya yi shiru. 'Yan majalisa kuma a gaya musu tun wuri: "Ku yi haƙuri, ina da uzuri har Isha'i, in na gama zan fito." Za su yi tsiya kwana biyu su saba.

Mataki na takwas: ranar da ka faɗi

Za ka faɗi, wannan babu makawa. Abin da ka yi washegari shi ne magana. Yawancinmu mun ɗauka zagin kai ne ke gyara mutum: "Ni dai ba ni da amfani, haka zan ƙare." A 2010 Michael Wohl da Pychyl da Shannon Bennett sun bibiyi ɗaliban aji ɗaya a jami'a tsakanin jarrabawa biyu. Waɗanda suka yafe wa kansu jan ƙafar da suka yi kafin ta farko, su ne suka rage jan ƙafa kafin ta biyu. Dalilin a bayyane yake in ka tuna inda muka faro: rashin daɗi kake gudu, zagin kai kuma ƙara wa aikin rashin daɗi yake, sai ganin littafin ma ya zama tuna maka laifi.

Yafiyar ba ta nufin "ba komai". Ka amsa cewa ka ɓata jiya, kuma kai ka jawo, sannan ka duba ta ina aka shigo: aikin ne ya yi girma, wayar ce ta kwana kusa, ko turken ne bai dace ba? Gyara wannan guda, ka koma a sallah ta gaba, ba sai Litinin ko sabon wata ba. Kada kuma ka ce za ka rama awa shida a zama ɗaya. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa mafi soyuwar ayyuka a wurin Allah shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Idan abin ya wuce dabara

Wani lokaci jan ƙafa alama ce ta wani ciwon daban. Idan ka yi mako biyu ko fiye ranka a ɓace kusan kullum, abin da ka saba jin daɗinsa ya fita daga ranka, barci da cin abinci sun rikice, har wanka da fita sun zama aiki, to wannan ya yi kama da ciwon damuwa, kuma agogon minti 25 ba zai yi masa komai ba. Haka wanda tun yana yaro ba ya iya tattara hankali wuri guda, kullum cikin mantuwa da yar da kaya da fara abu goma ba a gama ɗaya ba. Akwai lalurar da likitoci ke kira ADHD, tana bin mutum har girma, kuma ana samun taimako a kanta. Matsanancin fargaba ma yana hana mutum taɓa aiki.

A Kaduna akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa. Na san abin da sunan unguwar ke kawowa a bakin mutane, amma akasarin masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su koma bakin aikinsu. In hakan ya yi maka nauyi, fara da likitan asibitin da ka saba, shi zai tura ka inda ya dace. Kafin ka je, rubuta yaushe abin ya fara, yadda barcinka yake, magungunan da kake sha, da abin da ya hana ka yi a gida da wurin aiki, ka kuma tafi da wani na jikinka wanda ya san halinka. Wanda kuwa ya fara jin gara ya mutu ya huta, wannan ba a sa masa rana: a gaya wa wani a gida yau, a tafi asibiti yau.